Ƙoƙon Sallama

"Mutumin da na ɗaure a turu da hannuna, shi za ki kawo mini a matsayin suruki?"

Malam Kabo bai jira amsa ba, ya ɗauke ta da mari. Muhsina ta yi baya ta faɗa kan turmin da take dakan saiwar sanya, garin ya watse a ƙasa. Tunda aka haife ta, yau ne hannun mahaifinta ya fara sauka a fuskarta.

"Baba, ya warke," ta ce tana dafe da kunci. "Wallahi ya warke. Shagonsa yana nan a kasuwar Gaya, ɗinki yake yi, har limamin unguwarsu shi yake yi wa riga."

"Wa ya sallame shi? Ni na sallame shi?"

Nan ɗin kuwa maganar take.

Duk ƙasar Ajingi babu wanda bai san gidan Malam Kabo mai maganin taɓin hankali ba. A bayan gidan akwai doguwar rumfa, a cikinta akwai turu, wani ƙaton kututturen kirya da aka kakkafa wa sarƙoƙi. Nan ake ɗaure waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, a ba su jiƙo safe da yamma, a yi musu hayaƙin tazargade, wanda ya yi gardama kuma ya sha dorina. Wasu sun samu sauƙi, wannan ba a musu. Wasu kuwa sun fita da tabon da har su mutu ba za su cire riga a gaban mutane ba.

Gidan yana da dokoki biyu da Malam ya gada wurin mahaifinsa. Ta farko, tsami ba ya kusantar mai shan jiƙo, don yana karya magani. Ko kunun tsamiya ba a damawa a gidan. Tsamiyar da ke rataye a ɗakin magani ta mutum ɗaya ce, wato wanda aka kawo ya sha zaƙami, irin samarin nan da ake zuba wa a zoɓo wurin biki su yi ta haukan kwana biyu. Ta biyu, duk wanda ya samu sauƙi ba ya fita sai ya sha ƙoƙon sallama a gaban shaidu. Ya sha rabi da hantsi, ya zauna a tabarma har la'asar. In ya zauna lafiya a ba shi sauran rabin, a shafa fatiha, ya tafi gida da sunan mai hankali. In kuwa ya nuna wata alama, a mayar da shi turu.

Zunnuraini, saurayin da ake wannan rigima a kansa, bai taɓa shan ƙoƙon nan ba. An kawo shi ne bayan mota ta take mahaifinsa a gaban idonsa, ya daina barci, ya daina magana, sai hawaye. Muhsina ce mai kai abinci rumfa, kuma ita ce mutum ta farko da ya buɗe baki ya ce wa "na gode". Daga wannan na gode ɗin komai ya faro. Ana cikin haka yayansa Umara ya zo dubiya, ya ga shatar dorina a bayan ƙaninsa, ya zazzaga wa Malam rashin mutunci a gaban jama'a, ya ɗauke shi ya kai shi asibiti a Kano. A can aka ɗora shi kan magani, ya miƙe sarai. Amma a wurin Malam Kabo, wanda bai sha ƙoƙo ba har gobe majinyacinsa ne da ya gudu.

Inna Amarya ce ta ja 'yarta ɗaki, ta zaunar da ita tana goge mata kunci da bakin zani.

"Ke ma dai, Muhsina, maza sun ƙare ne? Ga Maikuɗi nan, ɗan ƙanin ubanki, tun kina 'yar firamare yake cewa ke ce matarsa. Ba mai yi miki dole, amma ki duba."

"Inna, kin taɓa ganin fuskar Yaya Maikuɗi in yana dukan mutanen rumfa? Dariya yake yi. Wallahi dariya yake yi."

"Aikin ne ya gaji haka."

"To ni ba zan kwana ɗaki ɗaya da aikin ba."

Ta kifa kai a cinyar uwarta ta fashe da kuka. "Inna, ciwo laifi ne? Shi ya ɗora wa kansa? Mu da muke cin abinci da ciwon nan, mu ne za mu fara gudun wanda ya warke? To me muke gaya wa mutane in sun kawo 'ya'yansu?"

Sai Inna Amarya ita ma ta kama hawaye. Da ta gaji da kukan ta tashi ta nufi turakar mijinta. Abin da ta faɗa masa ba wanda ya ji, amma da ya fito alwala sai ya tsaya a tsakar gida ya yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ya zo ranar Laraba ya sha ƙoƙo a gaban mai unguwa da liman. In ya kai la'asar, na ba shi ke. In bai kai ba, ya koma inda ya baro, kuma kada na ƙara jin sunansa a bakinki. Sannan ba ke za ki haɗa jiƙon ba, kada a ce 'yata ta sassauta masa. Maikuɗi zai haɗa."

Maikuɗi yana gindin rumfa yana shafa wa dorinarsa man gyaɗa. Bai ɗago ba, ya ce, "To, Baba."

Muhsina ta kira Zunnuraini a waya ta faɗa masa sharaɗin. Tana jin ƙarar kekunan ɗinki a bayansa.

"Muhsina, har yau in na ji warin tazargade jikina rawa yake yi. Kin san me gidanku yake a wurina?"

"Na sani. In ka ce ba za ka zo ba, wallahi ba zan ga laifinka ba."

"Yaya Umara ya rantse in na taka ƙofar gidan nan ba shi ba ni."

"To ka bari."

"In na bari, ke fa?"

Kuka ya ci ƙarfinta.

"Share hawayenki," ya ce. "Jiƙon nan na sha shi wata da watanni, ɗaci ne kawai. Zama kuma ai shi ne sana'ata. Zan zo."

Ranar Laraba da hantsi ya iso cikin farar shadda ɗinkin hannunsa. Umara da ya rantse ba shi ba shi, shi ya goyo shi a babur tun daga Gaya, fuskar nan a murtuke. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Mai unguwa ya zo, liman ya zo, 'yan kallo kuwa har da waɗanda suka baro gona ba a gayyace su ba. Muhsina tana soro tana leƙe ta kafar ƙyaure.

Maikuɗi ya fito da ƙoƙon a rufe da faifai, ya durƙusa ya miƙa wa Malam. Malam ya yi bismillah ya miƙa wa Zunnuraini. Zunnuraini ya kafa kai ya sha rabi, ya ɗan yamutsa fuska, ya yi murmushi. Aka rufe sauran aka ajiye kusa da ƙafar liman.

Da farko lafiya ƙalau. Har hira yake yi da mai unguwa kan tsadar yadi. Muhsina ta fara sakin ajiyar zuciya.

Can sai ya nemi ruwa. Aka ba shi ya shanye, ya ƙara nema. Ya riƙa lasar leɓe yana haɗiyar yawun da babu shi. Ya kai hannu yana tsintar wani abu a tabarma, ya tsinta ya yar, ya tsinta ya yar, alhali babu komai a wurin.

"Zunnu," Umara ya ce a hankali, "mene ne?"

"Allurai ne suka zube. Kada Baba ya taka." Ya ɗago ya dubi titi. "Baba! Baba, kada ka tsallaka, ga mota nan!"

Ya zabura ya miƙe. Wurin ya kaure da salati. Ya kama wuyan farar rigar nan ya keta ta har ƙasa, ya yi kan titi a guje yana ihu.

"Ku kama shi!" in ji Maikuɗi, kamar dama a bakinsa maganar take.

Ƙarti biyu masu aiki a gidan suka tare shi suka maka da ƙasa. Maikuɗi ya iso da dorina. Bai tsaya an riƙe shi da kyau ba ya fara zabga masa, a baya, a wuya, a fuska, ko'ina ta samu. Fatar ta fashe, jini ya ɓata abin da ya rage na shaddar. Umara ya yi kukan kura ya shaƙe Maikuɗi, wani daga cikin ƙartin ya ɗauki taɓarya ya sauke masa a ƙeya. Umara ya zube a gwiwa, jini na bin bayan kunnensa.

Muhsina ta banke ƙyaure ta fito ko mayafi babu. Inna Amarya ta riƙo ta, ta fizge.

"Ku bar shi! Za ku kashe shi! Baba, ka ce su bari!"

Malam Kabo yana tsaye, hannu a baya. Abin haushin, babu ko murna a fuskarsa. Shi a zuciyarsa gaskiya ce ta fito, kuma dukan ma magani ne.

Suka ja Zunnuraini a ƙasa har rumfa, suka zura ƙafarsa a sarƙa, Maikuɗi ya datse kwaɗo ya jefa makullin a aljihu. Muhsina ta kutsa ta durƙusa a gabansa.

"Zunnuraini, ni ce. Dube ni."

Ya dube ta bai gan ta ba. Nan ta lura da idon. Ɗigon baƙin da ke tsakiyar idon ya buɗe ya cinye kusan duka, kamar na mage a duhu, ga rana tsaka. Ta taɓa goshinsa, zafi rau, amma a bushe ƙamas. Mutumin da ya yi gudu, ya yi kokawa da ƙarti biyu cikin wannan zafin, babu ɗigon gumi a jikinsa.

Ita ta san ciwon Zunnuraini fiye da kowa. Ciwonsa shiru ne da hawaye. Bai taɓa ihu ba, bai taɓa keta riga ba. Wannan idon kuwa ta san shi, amma a fuskar wasu ta san shi.

Ta tashi da gudu ta shiga ɗakin magani. Ƙaramin turmin yana kife a jikin bango, an wanke shi fes har yana ɗiga. Maikuɗi da ko kwanon da ya ci tuwo bai taɓa ɗaurayewa ba! Ta zagaya bayan danga inda zaƙami ya fito da kansa a kan juji. 'Ya'yan nan masu ƙaya an tsinke su, ga ɓawon a farfashe an tura ƙarƙashin ciyawa.

Ta kwaso ɓawon a hannu, ƙayar na sukarta ba ta ji ba, ta zube a gaban mahaifinta a gindin darbejiya.

"Baba, zaƙami aka zuba masa. Ka je ka dubi idonsa. Ka taɓa jikinsa."

Maikuɗi ya yi dariya yana goge dorina da ganye. "Ikon Allah. Juji ma yau ya zama shaida. Baba, yaran unguwa kullum suna wasa da abin nan a bayan danga."

"Turmin fa? Wa ya wanke turmi?"

"Laifi ne don na wanke turmi?"

'Yan kallo suka fara ƙus-ƙus. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, so ya rufe mata ido." Wani ya ce ai dama mai irin wannan ciwon ba ya rabuwa da shi.

"Baba, don girman Allah, taku kaɗan ne. Ka je ka duba da kanka."

"Na duba shi wata nawa a rumfar nan?" Malam ya daka mata tsawa. "Ke za ki koya mini hauka? Kin tsaya a gaban liman kai ba ɗankwali kina yi wa ɗan'uwanki ƙazafi saboda wani mahaukaci! Maikuɗi, a haɗa garwashi. A yi masa hayaƙi mai barkono, a rufe shi da bargo har sai ya faɗi sunan abin da ke kansa."

Muhsina ta waiga tana neman mai ceto. Ta san hayaƙin nan. Mai lafiya ma da ƙyar yake fita, balle wanda zuciyarsa ke bugawa kamar za ta fasa ƙirji, maƙogwaronsa a bushe. In aka rufe Zunnuraini da bargon nan, gawarsa za a buɗe.

Ta dubi liman, ya sunkuyar da kai. Ta dubi mai unguwa, yana kallon wani wuri. Umara yana jingine da bango, ko tsayuwa ba ya iya yi. Daga rumfa tana jin sarƙa na ƙara, Zunnuraini yana kiran mahaifinsa da muryar da ta dushe.

Sai idonta ya sauka a kan ƙoƙon, yana nan kusa da ƙafar liman da faifansa.

"Baba," ta ce, muryarta ta kwanta, "ni na taɓa ciwon nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"A danginmu akwai mai shi?"

"Babu. Allah ya tsare."

"Kuma jiƙon nan sanya ce da sassaƙen marke kawai, ba ya yi wa mai hankali komai."

"Ko jariri ya sha sai dai ɗaci."

"To, liman, ku shaida."

Kafin kowa ya gane inda ta dosa, ta sure ƙoƙon, ta yar da faifan, ta kafa kai. Ɗaci ya cika mata baki, wani gari-gari yana bin harshenta. Ba ta sauke ba.

"Ke! Ke, Muhsina!"

Maikuɗi ne. Ya yar da dorina ya yi tsalle ya doke ƙoƙon daga hannunta. Ƙoƙon ya faɗi ya fashe, amma babu abin da ya zube sai 'yar guntuwa. Ya kama kafaɗunta yana girgizawa, idonsa a waje.

"Amayar! Sa hannu ki amayar! Wayyo Allah, ta shanye! Inna, tsamiya! A jiƙo tsamiya, maza!"

Kowa ya zuba wa Maikuɗi ido.

Malam Kabo ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallon ɗan ƙaninsa, yaron da ya yi rainonsa tun yana rarrafe, wanda ya koya wa sunan kowace saiwa da kowace doka ta gidan.

"Tsamiya," ya ce. "A gidan nan, wa ake ba tsamiya, Maikuɗi?"

Maikuɗi ya saki kafaɗunta. Ya ja da baya.

"Na ce wa ake ba tsamiya?"

"Baba, ni... kaɗan na ce zan sa, don dai ya..."

Bai ƙarasa ba. Malam ya sunkuya ya ɗauki dorinar da ke ƙasa, tsoho da shi, ya shimfiɗa masa ita a fuska. Maikuɗi ya ƙwalla ƙara ya dafe ido. Ta biyu ta same shi a wuya. Jama'ar da ɗazu suke ƙus-ƙus, su ne yanzu suka yi caa a kansa, wani da takalmi, wani da icce. Ya ture wani dattijo, ya haura danga, ya faɗa cikin dawa da gudu, samari suka rufa masa baya. Makullin kwaɗon kuwa yana aljihunsa.

Inna Amarya ta rungume 'yarta tana kururuwa, tana cusa mata yatsa a maƙogwaro. Kaɗan ya fito. Umara ya rarrafo, jini ya bushe masa a wuya.

"Malam, ka bar zancen tsamiya," ya ce. "Yadda ya yi wa namiji haka, ita ba za ta ɗauka ba. A nemo a-daidaita-sahu, asibitin Gaya za a kai su. Su biyun."

Da a ce jiya ne wani ya ambaci asibiti a ƙofar gidan nan, da sai an yi tashin hankali. Yau kuwa Malam bai hana ba. Ya shiga gida ya fito da gatari, ya nufi rumfa. Muhsina ta bi shi tana dafa bango, don ƙasa ta fara yi mata nisa.

Ya durƙusa a gaban turun da mahaifinsa ya kafa, ya ɗaga gatari ya sara sarƙar. Ta ƙi. Ya ƙara, wuta ta yi tartsatsi. Zunnuraini yana ta fizge-fizge, ya kai masa naushi a baki, leɓen tsohon ya fashe, bai ko kauce ba. Sai a lokacin ya dubi idon yaron da kyau, ya ga abin da 'yarsa ta roƙe shi ya je ya gani. Hawaye suka zubo masa har gemu. Ya bar sarƙar ya koma saran kututturen kansa, yana sara yana salati, har ƙarfen ya fita da guntun icce a jikinsa.

Aka kinkimi Zunnuraini aka sa a a-daidaita-sahu, sarƙar na jan ƙasa. Aka zaunar da Muhsina a gefensa, Inna ta riƙe ta. Harshenta ya zama kamar tsumma, hasken rana yana sukar idonta, fuskokin mutane suna narkewa. Ta lalubo hannun Zunnuraini ta damƙe.

Malam Kabo ya leƙo da kansa, jini a leɓe, hula ta faɗi tun a rumfa.

"Muhsina. Uwata. Kin gane ni?"

Ta tattaro ɗan abin da ya rage mata na hankali.

"Baba... rabin nawa ne, rabin nasa. An shanye ƙoƙon." Ta haɗiyi iska da ƙyar. "Ka sallame shi?"

Tsohon ya juya ya dubi liman da mai unguwa da sauran jama'a, ya ɗaga murya.

"Ku shaida, na sallame shi. Lafiyarsa ƙalau. Na ba shi ita, in Allah ya tashe ta."

Ya juyo don ya ga ko ta ji. Muhsina ta riga ta saki hannun Zunnuraini. Idonta ya buɗe baƙi ƙirin, tana kallon mahaifinta kamar baƙo, yatsunta suna tsintar wani abu a kan zaninta, ta tsinta ta yar, ta tsinta ta yar.

Direba ya ja suka hau titin Gaya, Malam Kabo yana bin su a guje ba takalmi, yana kiran sunanta.